Ƙyaure mai numfashi: littafin aikin tsohon murhun Goggo

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na ciro ƙyauren tanderun murhun Goggo, ina kwance wayar da ke jikinsa ya rabe gida biyu a hannuna. Dama wayar ce ke riƙe da shi shekara da shekaru. Tsagar ta taso daga hinjin sama, ta gangaro a karkace har kusa da mariƙi.

Ga wanda bai taɓa ganin irin murhun ba: ƙarfen zubi ne, wanda masu walda ke kira kas, mai ƙafa huɗu, ƙato huɗu ba sa ɗaga shi da daɗin rai. Gidan wuta na hagu, tanderu na dama, sama akwai faifai huɗu na ɗora tukunya, bututun hayaƙi kuma a baya. Wuta ba ta shiga cikin tanderun. Idan aka rufe makarin hayaƙi, zafin sai ya bi ta saman akwatin, ya gangara ta gefen dama, ya ratsa ta ƙasa, sannan ya hau bututu. Ke nan abin da ke ciki zafin bango yake ci, ba harshen wuta ba.

Kakanmu kuku ne a gidan wani Baturen kuza a Rayfield, nan Jos. Da Turawan suka fara tattara nasu ya nasu a farkon shekarun 1970, aka bar masa murhun, ya ɗoro shi a akori-kura har gidanmu na Gangare. Goggo kaɗai ce cikin 'ya'yansa ta zauna ta koyi gashin burodi da kek a wurinsa, kuma da wannan murhun ta aurar da 'ya'ya uku. Iskar gas ta yi tsadar da ba a kunna ta don gashi, wutar lantarki kuwa ba a ɗora mata kwaɓi a tafi a bar shi. Don haka murhun ba kayan tarihi ba ne a gidan nan, shi ne jari.

Bakin tanderun santimita 38 ne a faɗi, 28 a tsayi. Na auna sau biyu, na rubuta.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Bayan na tashi daga makaranta na kai ɓarin biyun Dilimi, wurin wani dattijo mai walda da ya san mahaifinmu. Ya juya su, ya ƙwanƙwasa da guduma, ya girgiza kai.

"Malam, kas ba ya son walda. Sai an gasa shi tukun, a yi da sandar nikel, a binne a toka ya huce a hankali. Kuma wannan ya sha wuta shekaru, ya mutu. Na ɗinke nan, ya tsage can. Kada in ci kuɗinka a banza."

Na ce, "To Baba, mene ne abin yi?"

Ya ce a yanko sabo daga fallen baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3, a yi amfani da tsofaffin kunnuwan hinji da ke jikin murhun. Mun samu fallen wurin 'yan gwangwan a layin da ke bayansa. Abu ɗaya na kafe a kai: ban da kwanon rufi, ban da duk ƙarfen da aka shafa wa tutiya. Tutiya tana narkewa wajen digiri 420, tanderu ba ya kai can, amma walda tana wuce can nesa, kuma farin hayaƙin da take fitarwa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Baba ya ce ya sani, ya sha kwana da shi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ƙyaure na farko ya hau. Na zagaye gefensa da igiyar audugar gilashi don ya rufu ruf. A tsagin tsohon na tarar da ragowar wata farar igiya mai gari-gari. Na yi zaton asbesto ce, domin da ita ake toshe irin waɗannan murahun a da, don haka na jiƙa ta sharkaf kafin in kankare, na ƙulle a leda, ban bar yara sun matso ba. Ƙurarta ce ke illa ga huhu.

Na yi murna da yadda ya zauna. Ko takarda ba ta shiga tsakaninsa da baki.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Gashi uku aka yi a makon nan, duka ukun ba su yi ba.

Burodin ya tashi, har ya fi da tashi, amma ya fito fari fat, ɓawonsa laushi kamar na dafaffen alkubus, gindinsa a jiƙe. Dankalin Turawa da Goggo ta sayo a Farin Gada ya fito kamar an turara shi a madambaci. Kaza kuwa ta kwanta cikin ruwanta, fatar ta yi yauƙi. Duk sanda aka buɗe ƙyauren sai tururi ya bugi fuska, ruwa na tsiyaya ta cikin fallen, kuma yau da safe na ga tsatsa ta fara ja a ƙasansa.

Goggo ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta dai ce, "Ɗan nan, ka toshe masa hanci."

Daga nan ta nuna mini abin da na shekara talatin ina gani ban lura ba. Akwai wani tsohon cokali da ke rataye a ƙusa kusa da murhun. Idan burodi ya gama tashi ya tsaya, sai ta sa ƙotar cokalin a bakin ƙyauren ta gefen mariƙi, ta bar shi a ɗan sage har a sauke. Haka ta ga mahaifinta yana yi. Ta ce da tsagar ta buɗe sosai a 'yan shekarun nan ma ta daina sa cokalin, domin tsagar tana yi mata aikin. Ni kuma na zo na ɗinke komai, na ƙara da igiya, kuma saboda nauyin sabon mariƙin ƙyauren, cokalin ba ya zama.

Ruwa ba ya tsami banza. Na zauna da alƙalami na bi abin daki-daki. Kwaɓin burodi wajen kashi ɗaya cikin uku ko fiye ruwa ne, kuma kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, ko sama da haka, yana fita a gashi. Burodi shida masu rabin kilo ke nan suna zubar da ruwa ya kai kofi guda da ɗoriya a cikin akwatin da bai kai buhun siminti girma ba. Muddin fuskar abinci a jiƙe take, zafinta ba ya wuce na tafasar ruwa, wanda a nan Jos ma bai kai digiri 100 ba. Muna sama da teku da mita 1,200 da 'yan kai, ruwa yana tafasa wajen digiri 96. Launin ja da ƙamshin gashi kuwa ba sa kankama sai fuskar ta bushe ta haura digiri 140. Tururi yana da rana a farko: shi ke hana ɓawo ƙamewa da wuri har burodin ya gama kumbura. Bayan nan ya zama baƙon da ya ƙi tafiya.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na yi kwanaki ina karatu a intanet, na gano matsalar ta girme mu duka. Tun wajen shekarar 1800 wani masanin zafi da ake kira Count Rumford ya ƙera tanderun gasa nama mai bututu biyu a ƙasa da ke shigo da iska mai zafi, da wani bututu a sama na fitar da tururi, ana buɗe su idan an zo ƙarshen gashi don naman ya yi ja. A Amurka kuma, a garin St. Louis, kamfanin Giles Filley mai murhun Charter Oak ya yi ta tallar ƙyauren tanderu mai tagar ragar waya a shekarun 1880. Sun ce iska tana ratsa ragar a hankali, nama ba ya ƙanƙancewa, burodi ya fi daɗi. Hikimar ragar ba sabuwa ba ce a lokacin: Humphry Davy ya yi amfani da ita a 1815 a fitilar masu haƙar kwal, domin siraran wayoyi suna kwashe zafi su hana harshen wuta ratsawa.

Ragar ta burge ni. Na koma wurin Baba, muka yanke taga mai santimita 15 da 10 a tsakiyar ƙyauren. Ragar sauro ta kasuwa ko dai roba ce, ko alminiyon, ko mai tutiya, duk na ƙi. A ƙarshe ragar ƙarfe marar tsatsa na samu, irin ta rariyar injin niƙa. Muka ɗaure ta da firam da noti huɗu.

Asabar, 7 ga Disamba

Tagar ta yi girma, nesa ba kusa ba.

Na aro ma'aunin zafi mai waya daga ɗakin gwajin makarantarmu, na zura shi tsakiyar tanderun. Da tagar a toshe da fallen ƙarfe, wuta ɗaya, zafin ya kai 220. Na cire fallen, cikin minti goma ya sauko 165 ya tsaya. Kafin a mayar da shi 200 sai da muka ci itace kusan ninki biyu, kuma itacen turare ba araha yake ba a bana. Burodin baya ya yi ja, na gaba da ke fuskantar ragar ya bushe bai tashi ba, ɓawonsa ya ƙame tun bai kumbura ba, ya tsage ta gefe.

Ga kuma hunturu. Kicin ɗin Goggo rumfa ce mai buɗaɗɗen gefe, da asuba iskar Jos tana shigowa kamar da wuƙa. Mutanen St. Louis a cikin ɗaki rufaffe suke girki. Abin da ya yi musu ba lallai ya yi mana ba, kuma ni ban ma tabbata ya yi musu yadda tallar ta ce ba.

Amma dankali ya yi kyau, gaskiya. Ya yi ɓawo, cikinsa gari. Shi ya hana ni watsar da zancen iska gaba ɗaya.

Alhamis, 12 ga Disamba

Yau na gano abin da ban je nema ba. Na kunna turaren tsinke na riƙe a gaban ragar don in ga tafiyar iska. A ƙa'ida hayaƙin ya kamata ya shiga ta ƙasan tagar, a ture shi waje ta samanta, domin iska mai zafi sama take yi, tururi ma ya fi iska rashin nauyi. Sai na ga ana zuƙe shi ciki ta sama da ƙasa baki ɗaya.

In iska na shiga ba ta fitowa, to tana da wata mafita. Da murhun ya huce na sa kai da tocila, na kankare kunkunniya, sai ga tsaga mai tsawon ɗan yatsa a kusurwar baya ta sama, inda rufin akwatin ya haɗu da bango. Bututun hayaƙi yana jan iskar tanderun ta nan. Da ƙyaure a rufe ruf ba shi da abin ja sosai, amma da na buɗe masa taga sai na ba shi hanya fetal: sanyi ya shiga ta gaba, zafi ya fice ta baya. Rabin laifin da na ɗora wa raga ashe na tsagar nan ne.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne akasin haka. Ranar da iska ta danno hayaƙi ƙasa ta bututu, ta nan zai shigo kan abinci. Goggo ta ce lallai wani lokaci kek yakan yi warin hayaƙi, tana ɗauka itacen ne ɗanye. Hayaƙin itace da na gawayi yana ɗauke da iskar nan marar wari da ke kashe mutane a ɗaki rufaffe, kowace shekara in sanyi ya yi muna jin labarin masu kwana da garwashi. Rumfar a buɗe take, alhamdu lillahi, amma ban yarda a bar tsagar ba.

Na huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, na ɗora ɗan falle da noti biyu, na cike tsakani da yumɓu da aka kwaɓa da toka da ɗan gishiri, yadda Goggo ta ce kakanmu yana liƙe faifan sama. In na samu simintin wuta, wato mai jure zafi, zan sake.

Litinin, 23 ga Disamba

Babu gwaji a makon nan. Maƙwabtanmu Kirista sun kawo odar kek ɗin Kirsimeti kamar kowace shekara, har daga Nasarawa da Tudun Wada. Na toshe tagar da falle, na sassauta mariƙi yadda cokali zai zauna, na ba Goggo wuri. Kek talatin da ɗaya ta gasa cikin kwana huɗu, babu wanda aka dawo da shi.

Ni kuma na zauna a kan turmi ina kallon hannunta da agogo. Ga burodi, tana sa cokali tsakanin minti 12 da 15. Ga kek ba ta sawa sai minti biyar na ƙarshe, wani lokaci ma ba ta sawa. Ba ta duba agogo, ƙamshi take bi.

A nan tunanin ya zo mini: maimakon in kwaikwayi Amurka, in auna cokalin. Kaurin ƙotarsa milimita 3 ne. In ƙyaure mai 38 da 28 ya sage da milimita 3 ta gefe ɗaya, tsagar gefen ta ba da murabba'in santimita 8 da ɗan kai, ta sama da ta ƙasa kuma kowacce kusan 6, domin suna tsukewa zuwa hinji. Jimla wajen 20. Rabi na shigar iska, rabi na fitarta. Tagar ragata kuwa 150 ce, ko an cire abin da wayoyi suka tare ta ninka cokalin sau uku ko huɗu, kuma a buɗe take tun daga farko har ƙarshe.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na kai wa Baba zanen ƙyaure na uku a bayan takardar jarrabawa. Ga yadda yake.

Falle biyu ne, na ciki da na waje, da tazarar santimita 2 da rabi a tsakani. An raba tazarar gida uku da siraran ƙarafa a kwance. Ɗakin tsakiya, wanda ya fi girma, an cusa masa audugar gilashi an rufe, don riƙe zafi da kuma kada ƙyauren ya ƙona gwiwar mai girki. Ɗakin sama na fitar tururi ne: huji takwas masu milimita 12 a fallen ciki, takwas a na waje. Kowane huji murabba'in santimita 1 ne da ɗigo 13, takwas sun ba da 9, kusan rabin kafar da cokali ke buɗewa ke nan. Ɗakin ƙasa na shigar iska ne, shi ma takwas da takwas, amma ba sa kallon juna. Na waje suna ɓangaren dama, na ciki suna hagu. Dole iskar ta yi tafiya a kwance tana gogar fallen ciki mai zafi kafin ta shiga, don kada ta faɗa kan burodi da sanyinta. Na zaɓi ta ɓullo ta hagu da gangan, domin nan ne jikin gidan wuta, nan ne kullum burodi ke ƙonewa har sai an juya tire.

A kan kowane layin huji na waje akwai siririn ƙarfe mai zamewa da hujinsa, ka tura dama su haɗu, ka tura hagu su toshe. Baba ya duba ya ce, "Wato hanci biyu, kowanne da sakatarsa." Sunan ya bi su. Ragar ban yar da ita ba: ƙaramin yanki na sa a bayan hujin ƙasa, saboda kyankyasai da ɓeraye idan murhu ya huce, da kuma tokar da iska ke kwasowa.

Mun yi gardama a kan walda. Shi yana son ya zagaye fallen biyu da walda ya gama. Na roƙe shi a ɗaure na ciki da noti a cikin huji masu ɗan tsawo. Ƙarfe yana miƙewa wajen milimita 1 da ɗigo 2 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 100. Fallen ciki mai santimita 38 a zafin gashi zai ƙaru da kusan milimita guda, na waje kuwa bai kai rabin haka ba. In an ɗaure su ƙam, ƙyauren zai bankare. Na farkon ma ya fara, kusurwarsa ta sama ta ɗaga. Baba ya ce, "Ilimin takarda ne, amma na ga ƙofar gidan burodi ta yi haka." Ya yarda, ya ƙara ɗari biyar.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mako biyu ke nan da hawansa. Burodi ya dawo, kuma Goggo da bakinta ta ce ya fi na da. Hanci biyu a rufe minti 12 na farko, sannan a buɗe na sama duka, na ƙasa rabi. Zafin yana sauka digiri 10 zuwa 15 kawai, ya tsaya. Ɓawo ja, yana ƙara in an matsa, gindi a bushe. Juya tire sau ɗaya ya isa maimakon biyu. Itace ya koma yadda yake, ko ƙasa da haka kaɗan, ina jin saboda audugar da kuma tsagar da aka toshe.

Matsala uku suka fito.

Ta farko ita ce ta fi ci mini rai. Ranar Talata Goggo ta kai hannu ta tura sakatar sama, tururi ya feso mata a wuyan hannu. Bai tashi ba, ta sa a ruwan sanyi nan take, amma wurin ya yi ja kwana biyu. Kuskuren zanena ne: na sa ɗan mariƙin sakatar daidai saitin huji. Washegari na mayar da shi can ƙarshen dama, na sa masa ƙotar katako, Baba kuma ya lanƙwasa ɗan falle kamar bakin hula a ƙasan hujin da gabansu, yadda tururin zai miƙe sama ya bi jikin murhu maimakon ya fito gaba. Duk mai son yin irin wannan ƙyauren, ya fara da wannan hular.

Ta biyu, sakatar tana cijewa in ta yi zafi. Na yi lissafin miƙewar falle na manta da nata. An goge gefenta da fayil, an sa washa, ta saki.

Ta uku, tururi yana komawa ruwa a ɗakin sama inda ya taɓa fallen waje mai sanyi, ya taru. Na huda ƙaramin rami mai milimita 4 a kusurwa don ya tsiyaye, kuma yanzu in an gama gashi ana barin hanci biyu a buɗe har murhu ya huce, ya busar da kansa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na daɗe ina son in gwada maganar masu Charter Oak cewa nama ba ya raguwa in iska na ratsawa. Sunan jikar Goggo ya ba ni dama. Kaji huɗu masu kusan nauyi ɗaya, na auna kowacce a sikelin fulawa kafin da bayan gashi. Biyu da hanci a rufe, biyu da na sama a buɗe tun farko, na ƙasa kuma a minti ashirin na ƙarshe.

Duka huɗun sun rasa tsakanin kashi 26 da 29 cikin ɗari, kuma masu buɗaɗɗen hanci ne ma suka ɗan fi rasawa. Kaji huɗu ba hujja ba ce, amma ya yi daidai da hankali: abin da ke matse ruwa daga tsoka shi ne yawan zafin da ya kai cikinta da daɗewarta a wuta, ba ƙyaure ba. Ban ga yadda iska mai wucewa za ta mayar wa nama ruwa ba. Maganar nauyi dai ta 'yan talla ce a ganina.

Bambancin yana fata. Na rufaffen hanci fatarsu fara, mai santsi. Na buɗaɗɗe ta yi ja, ta yi rumus, yaji ya kama jikinta maimakon ya wanke ya koma ƙasan tire. Mata a wurin suna ba su san da gwaji ba, amma tiren da ya fara ƙarewa ya ba da amsa.

Wani amfani da ban yi tsammani ba: bayan an sauke gashi, wuta ta mutu, Goggo ta zuba yankakken tattasai da attaruhu a tire, ta buɗe hanci biyu, ta bar su kwana. Da safe sun bushe ƙarau, babu ƙurar hunturu, babu kaji.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kai kwana takwas. Gashi ya koma bayan la'asar, burodin shan ruwa da na sahur. Zafin gari ya fara, iska ta kwanta, kuma na lura tururi ba ya fita da ƙarfin da yake fita a Janairu. Haka ya kamata: abin da ke tura shi bambancin nauyin iskar ciki da ta waje ne, in waje ya ɗumama turin ya ɗan ragu, ga kuma babu iskar da ke kaɗawa. Goggo ta riga ni ganewa, ta koma buɗe na ƙasa duka. Na yanke tsaga uku a jikin kowace sakata da fayil, rufe, rabi, buɗe, yadda za ta ji da yatsa ko da magariba ta yi babu wuta.

Yarinyar da ke taya ta aiki ta koyi abin cikin kwana biyu. Da cokali kuwa, Goggo ta ce, ta fi shekara tana nuna mata ba ta kama ba, domin ko ya zame ko ta sage ƙyauren da yawa.

Asabar, 29 ga Maris

Ana sa ran ganin wata yau. Tun jiya ake ta gashi, kek da biskit na Sallah.

Da asuba kafin a hura na kwance fallen ciki na duba. Audugar tana nan a bushe. Ɗakin sama ya yi baƙin maiƙo, hujin ciki biyu sun fara tsukewa, na bi su da ƙusa. Ke nan duk wata sai an kwance an wanke, kuma gara da aka yi da noti. Ragar ƙasa ta cika da toka rabi, buroshin haƙori ya fitar. Yumɓun da na liƙe tsagar baya da shi ya fara zuba ta gefe ɗaya, turaren tsinke ya nuna ɗan ja kaɗan. Na ƙara wani na wucin gadi, bayan Sallah zan nemi simintin wuta ko da sai na aika Kaduna.

Abin da ban gwada ba shi ne damina. Ruwan Jos in ya sauka daga Afrilu ba ya ɗagawa sai Oktoba, Yuli da Agusta kuwa ko gishiri jiƙewa yake a kwano. Itace zai yi danshi, iskar da ke shiga hancin ƙasa ma haka, kuma baƙin ƙarfe ba kas ba ne wajen jure tsatsa. Na shafe fallen biyu da man gyaɗa na gasa su har suka yi baƙi, yadda ake yi wa sabuwar tanda. Zan auna zafi da lokacin buɗe hanci a makon farko na Mayu, in sake a Agusta.

Baba ya aiko yaronsa jiya: wata mai gasa burodi a Unguwar Rogo, mai tanderun ganga, ta ga namu tana son irinsa. Na ce a faɗa mata kada a yanka komai tukun. Ranar Laraba zan je in auna bakin gangar, in ga da me take sage ƙyaurenta, da kuma minti nawa take yi kafin ta sage shi.